Rikodar Ranar Lahadi

Masu bina a wannan shafi, ku gyara zama, yau da farin ciki na zo muku. Baiwar Allah da ta rubuto jiya tana cewa in daina jan rai in faɗa mata ko na kai Emmett gida, ki yi haƙuri 'yar'uwa, sai mun bi ta kan rikoda kafin mu isa wurin.

Ga sababbin zuwa, sunana Odília, a gida Dília ake ce mini. A garin Fall River na Amurka aka haife ni, na tashi a hawa na biyu na gidan da har yau muke ciki, iyayena kuwa daga tsibiran Azores na ƙasar Fotugal suka zo. Babana Serafim, wanda muke kira Pai, sai ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba. Mamana Graciete, wato Mãe, ita ta haɗa maganarta da tasa take yi ita kaɗai, kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Emmett shi ne saurayina, ma'aikacin gidan waya ne, mun kusa shekara tare, amma a gidanmu ko kyanwa ba ta san da shi ba.

Kada ku yi saurin zagina, ba ku san Mãe ba. Lokacin da 'yar ƙanwarta Lurdes ta kawo wani yaro cin abinci, kafin a kwashe kwanuka Mãe ta tambaye shi albashinsa, da cocin da aka yi masa baftisma, da ko a danginsu ana haihuwar tagwaye. Washegari ta buga waya tana tambayar ranakun da zauren biki ba kowa. Yaron nan tun daga ranar ko a hanya ya hango Lurdes sai ya tsallaka titi. Ni kuwa ina son Emmett, ba na son ya tsallaka titi.

To, a falonmu akwai kusurwar da ko Mãe ba ta isa ta taɓa ba. Kujerun nata ne, har da rigunan ledar da ke manne wa mutum a cinya lokacin zafi. Amma kabad ɗin katako da ke jikin taga na Pai ne. Garmaho a sama, amfilifaya mai rediyo a tsakiya, rikodar kaset a ƙasa, ga sifiku biyu da suka kai ni ƙugu. Iyakar nasarar da Mãe ta samu a kansu ita ce ɗora wa kowace sifika ɗan mayafin saƙa da hoton waliyyi.

Duk Lahadi bayan coci Pai yakan rufe ƙofar falo, ya kama tashar rediyon mutanenmu, ya naɗi shirin a kaset domin mahaifiyarsa, Vavó Ermelinda, da ke gidan kula da tsofaffi a can saman gari. Idanunta sun tafi. Mun saya mata waya, ta shafa gilashin ta ce abin da ba shi da maɓalli ba za ta yi hulɗa da shi ba. Tsohuwar rikodarta mai manyan maɓallai ita yatsunta suka sani. Pai yakan naɗa mata waƙoƙin tsibiri da sanarwar rasuwa da ta bukukuwa, in an zo talla ya tsayar, in an wuce ya ci gaba. Kafin waƙoƙin kuma yakan ɗauki makirfo ya yi mata magana: inabin bayan gida ya yi 'ya'ya, gwiwarsa ta yi sauƙi, wane ya sayar da gida. Abin mamakin, in ya je dubata da kansa sai ya zauna ya riƙe hula yana kallon ƙasa har lokacin tashi ya yi. A kaset kawai yake iya yi wa uwarsa hira. Ni ce mai kai mata duk Litinin in na tashi daga aiki, in karɓo na makon jiya ya sake naɗa a kai.

Sai ga shi wata Lahadi rikodar ta cinye kaset. Pai ya zaro zaren a hankali, ya nannaɗe shi da fensir, ya kwance bayan rikodar, sai ya tarar bel ɗin ciki ya narke ya zama kamar kwalta. Ya canza bel, ta yi waƙa, amma ta ƙi ɗauka. Mai gyaran da ya sani ya daɗe da rasuwa. Aka yi makonni ina zuwa wa Vavó hannu rabbana. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta ce, "Serafim lafiya yake ko?" alhali jiya-jiya ya zauna a gabanta. Wannan tambayar ita ta hana ni sukuni.

Na tura wa Emmett saƙo ina wurin aiki: "A ina ake sayen rikodar kaset a wannan zamani?"

Ko minti ba a yi ba ya amsa: "Yau ranata ce. Kada ki sayi komai sai na gani."

Mutumin nan ɗakinsa cike yake da kasusuwan waƙa, har na taɓa yi masa tsiya cewa tsoho ne aka saka a jikin saurayi. Ya shiga turo mini hotuna daga kasuwar intanet ba ƙaƙƙautawa. Na nuna masa wata sabuwa fil mai ƙyalli, ya rubuto: "Wannan abin wasan yara ne." Na nuna masa wata mai bakin kaset biyu, ya ce: "Baki biyu, ciwon kai biyu." A ƙarshe ya turo wata baƙa ƙirar Japan, ta girme ni a shekaru, mai allurai biyu a fuska. "Wannan ce. Ta wani dattijo ce a garin Warwick, ya ce mu zo Asabar da safe."

Da na gaya wa Pai na samo rikoda, bai ce madalla ba. Ya buɗe akwatin takalmin da yake ajiye kasusuwansa, ya zaɓo ɗaya ya miƙo mini.

"Kada ki biya sai ta ɗauka. Waƙa kowace rikoda tana yi. Ki gwada a kan wannan, ki dawo mini da shi."

Mãe ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Wa zai kai ki Warwick? Bari in kira Nélio na gidan burodi, yaron kirki, motarsa sabuwa, kuma uwarsa ta ce yana tambayarki."

"Mãe, wata abokiyar aikina ce za ta kai ni."

"Abokiya, abokiya. Abokiyar ce za ki aura? Je ki canza wannan rigar, kin fito kamar mai zuwa fenti."

Na canza ɗin, amma ba don ita ba. Na sa shuɗiyar rigar sanyin da Emmett yake so, da 'yan kunnen zinaren da Vavó ta ba ni, na gangara har kwanar kantin magani inda yake jirana kullum. Ya sha aski, ga kofi biyu a gaban mota, ga makirfo a kujerar baya ya ɗaura masa bel kamar jariri.

Mista Pruitt, mai rikodar, dogon dattijo ne mai farin gemu, garejinsa kuwa babu wurin mota saboda tsofaffin na'urori. Ya riga ya jona rikodar da sifika a kan teburin aiki. Emmett ya buɗe bakinta ya haska da fitilar waya, ya taɓa 'yar robar da ke jan zare, ya sunsuna ma, wallahi na gan shi. Suka shiga hirar da ban fahimci rabinta ba, kowa yana murna ya samu ɗan'uwa. Sannan Emmett ya sa kaset ɗin Pai, ya jona makirfo, ya danna jan maɓalli ya ce, "Gwaji, gwaji, Dília ta makara yau ma." Aka mayar baya aka kunna, muryarsa ta fito tas har da dariyata a bayanta.

"Kada ku yi saurin murna," in ji Mista Pruitt. "Rikoda mai ciwo sai ta ɗau zafi take nuna halinta. Ku bar ta ta yi ta ɗauka har ƙarshen gefen nan, in ba ta ja ba, taku ce. Bari in duba muku kwalinta a sama, matata ta ɓoye shi wani wuri."

Ya danna jan maɓallin ya fita. Muka rage mu biyu a garejin, ni a kan wata kujerar ƙarfe, Emmett a tsaye yana shafa gefen rikodar.

"Tana da nauyi fa," ya ce. "Ni zan hau da ita sama, in jona wa babanki wayoyin."

"A'a, ka sauke ni a kwana, zan iya."

"Da wannan? Dília, hawa biyu ne."

"Na ce zan iya."

Emmett ba mai fushi ba ne, in abu ya dame shi sai kunnuwansa su yi ja, kuma sun yi.

"Na san kalar ƙofar gidanku," ya ce a hankali. "Na san inabin babanki, ina hango shi ta saman katanga in na zo raba wasiƙu a layinku. Na san ɗanɗanon miyar ganyen mamanki, tunda kina kawo mini a roba. Har sunan kyanwarku na sani. Ni kaɗai ne ba a sani ba. Kunyata kike ji?"

"Haba Emmett! Kunyar me?"

"To mene ne?"

"Tsoro nake ji. Ba ka san Mãe ba. Ranar da ta ji sunanka, ranar za ta kama zauren biki, ta zaɓi sunan 'ya'yanmu, ta kira limamin coci. Za ta birkita ka ka gudu, kuma ni in ka gudu ban san yadda zan yi ba. Don ina son ka nake ɓoye ka, wawa kawai."

Ina faɗa ina share hanci da hannun rigar da na sa don in burge shi. Idona yana kan alluran nan biyu, duk kalmar da na furta sai su yi tsalle, amma ko kaɗan kaina bai kawo komai ba.

Ya durƙusa a gabana ya ce, "Ta kama zauren, ta kama biyu ma. Karnukan garin nan kaf sun bi ni da gudu ban ajiye aiki ba, mamanki ce za ta kore ni? Ni ba biki nake roƙo yau ba. So nake in shiga ta ƙofar gaba, in zauna a falon nan, in ga mutumin da yake naɗa wa mahaifiyarsa waƙa duk mako. Tun ranar da kika ba ni labarinsa nake son in gaishe shi."

"Ka ƙara mini lokaci kaɗan."

"Na ƙara," ya ce, amma kunnuwan ba su huce ba.

Can sai rikodar ta yi ƙas ta tsaya da kanta, daidai lokacin da Mista Pruitt ya shigo da kwali a ka. Ya ce in ta kai ƙarshe lafiya ba sai an saurara ba. Ya ciro kaset ɗin ya ba ni, na jefa a jaka. Suka yi ciniki, ya ƙara mana da kwalbar ruwan goge kan rikoda kyauta. Muka kamo hanyar gida. Emmett ya sauke ni a kwanar kantin magani, ya ɗora mini kwalin a hannu, ya tsaya yana kallona ina tafiya ina tangaɗi. Kafin in kai hawa na biyu na yi nadamar taurin kaina ya fi a ƙirga.

Pai ya zare tsohuwar, ya zura sabuwar a gurbinta, ta zauna daram kamar don kabad ɗin aka ƙera ta. Ya jona wayoyi, ya kunna, hasken allurai ya kama. Ya daɗe a tsugune yana kallonsu.

"Wa ya zaɓa?"

"Abokiyar aikina ce, Pai."

"Hmm. Ina kaset ɗina?"

Na zaro na ba shi, na wuce na jiƙa hannuwana a ruwan ɗumi.

Ranar Lahadi Pai ya rufe ƙofar falo kamar yadda ya saba, sai dai ya daɗe fiye da kullum, har Mãe ta fara mita cewa naman zai bushe. Da ya fito ya zauna a tebur, sai na ga yana kallona, in na ɗago ya mayar da ido kan kwano. Ya yanko gefen burodi mai ƙamshin nan da yake ware wa kansa tun ina yarinya, ya ajiye a farantina. Mãe tana ta labarin sabuwar motar Nélio, ba ta lura ba. Ni kuwa na ɗauka godiyar rikoda ce, na cinye abina da daɗin rai.

Litinin da yamma na tarar da Vavó a bakin taga, sanye da baƙar rigarta da mayafin kafaɗa na saƙa, carbinta a hannu. Na sumbace ta na sa mata kaset ɗin a tafin hannu. Fuskar tsohuwar nan ta washe gaba ɗaya, ni ma sai da na ji ƙwalla. Ta shiga shafa shi kamar yadda take yi wa komai, gaba da baya da gefe, sai yatsanta ya tsaya a saman.

"Dília, wa ya karya wa kaset ɗin nan kunne?"

Ga yaran zamani, kowane kaset yana da 'yan kunnuwa biyu na roba a samansa, ɗaya na kowane gefe. In ka ɓalle ɗaya, jan maɓalli ba zai ƙara dannuwa a wannan gefen ba, abin da ke ciki ya zauna ke nan. Pai kuwa mutum ne da yake wanke ledar burodi ya shanya. Kaset ɗaya sai ya naɗa a kansa har muryoyi su dushe.

Na karɓa na duba, ga rami a gefe ɗaya. "Wataƙila faɗuwa ya yi, Vavó."

"Faɗuwa? Da wuƙa aka cire wannan. Ɗana sau ɗaya na san ya karya wa kaset kunne, ranar da aka kawo ki daga asibiti kina tsala ihu ya kanga miki makirfo. Sa mana mu ji."

Na sa gefen da ke da kunne. Muryar Pai ta fito, a sake, irin wadda ba ma ji a gida. "Mamã, Serafim ne. Mun samu rikoda, ki yafe mini shirun da kika ji." Ya ba ta labarin inabi da na gwiwa, waƙoƙi suka biyo, Vavó tana kaɗa ƙafa tana bin baitin da ta sani, aka sanar da rasuwar wata 'yar ƙauyensu ta yi mata addu'a. Ni ina zaune ina ɓare mata lemo, raina fes. Da zaren ya kusa ƙarewa sai waƙa ta yanke, Pai ya yi gyaran murya.

"Mamã, ki juya kaset ɗin. Akwai abin da na tarar a baya, na sa hannu zan goge na kasa. Ni ban iya irin wannan magana ba, ke kin iya. Yaron dai ya san rikoda."

Lemon ya suɓuce daga hannuna. Kafin in miƙe, yatsun nan da ba sa ganin hanya sun riga sun buɗe, sun juya, sun danna.

"Gwaji, gwaji, Dília ta makara yau ma."

Jama'a, ban san inda zan sa kaina ba. Komai ya fito, har ƙarar kujerar ƙarfe, har jan hancina, har "wawa kawai". Na ce, "Vavó, Turanci ne, ba za ki gane ba, bari in kashe." Ta buge mini hannu. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ce wa likitoci ba ta jin Turanci sai an kira mai fassara, ita ce ta fashe da dariya daidai wurin karnuka, har tana share hawaye da gefen mayafi.

Da ya ƙare ta lalubo fuskata ta riƙe da hannu biyu. "Ke da ubanki duk jirgi ɗaya ya kwaso ku, sai an kanga muku na'ura kuke faɗin abin da ke ranku. Yaro yana roƙon ƙofar gaba kina ajiye shi a kwana kamar kwandon shara? Kin ɗauko wannan uban nauyi ke kaɗai don taurin kai?"

"Vavó, Mãe fa..."

"Graciete? Ni ma ranar da Serafim ya kawo ta sai da na tambaye ta ko ta iya yanka kaza, ta yi kuka a bayan gida, washegari ta dawo da kazar a fige. Mai zama ba ya gudu. Ranar Lahadi ku zo ku ɗauke ni, a gidan zan ci abinci, ina son in shafa fuskar yaron nan in ji ko kunnuwan manya ne."

Na fito na zauna a mota, ban tayar ba. Kunya tana cina, amma wani sanyi ya sauka a ƙirjina wanda na daɗe ban ji irinsa ba. Na ciro waya, sai ga saƙon Mãe, duk da manyan baƙaƙe kamar yadda ta saba: "BABANKI YA CE IN ƘARA FARANTI RANAR LAHADI. YA ƘI FAƊA MINI NA WAYE. NA NÉLIO NE?"

Ban amsa mata ba tukuna. Na rubuta wa Emmett: "Kana da riga mai guga? Lahadi bayan coci. Ƙofar gaba."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sannan: "Da gaske? Me ya faru?"

"Wa ya bar makirfo a kunne a garejin Mista Pruitt?"

Sai ga shi: "Wayyo Allah. Babanki ya ji? Har da karnukan?"

"Har da karnukan. Ya ce ka san rikoda."

Ina cikin dariya ni kaɗai a mota wayar ta hau ruri, hoton Mãe ya cika fuskarta. Na san in na ɗauka, kafin gari ya waye limamin coci ya ji, matan layinmu sun ji, mai zauren biki ma ya ji. Na goge idona, na gyara zama, na ɗauka.

"Dília! Kin ga saƙona? Farantin waye?"

Na ce, "Mãe, samu kujera ki zauna. Sunansa Emmett."